Takardu Takwas da Suka Canza Yadda Nake Koyar da Kasafin Kuɗi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da tattalin arziki a sakandare, kuma duk sanda muka iso babin kasafin kuɗi sai in ga aji ya yi sanyi. Na rubuta kuɗin shiga a gefe guda na allo, kuɗin kashewa a ɗaya gefen, giɓi a tsakiya, yara su kwafa. Bara wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to bayan an karanta kasafin an yi tafi, wa ke komawa ya duba ko an kashe kuɗin yadda aka faɗa?" Na ce mata akwai babban mai binciken kuɗi na ƙasa. Ta ce, "Ka taɓa ganin rahotonsa?" Gaskiya ban taɓa ba. Tambayar nan ta hana ni sakat har na faɗa kan shafin Open Budget Survey, wato binciken da ke auna yadda gwamnatoci ke buɗe kasafinsu ga jama'a, kuma wata shida ke nan ina aiki da shi.

Ƙungiyar International Budget Partnership ce ke gudanar da shi tun 2006, kusan duk bayan shekara biyu. Zagayen 2023 ya ƙunshi ƙasashe 125. Kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba, kuma a waya ma yana buɗewa. Ka zaɓi ƙasa, sai a nuna maka maki uku, kowanne daga 0 zuwa 100: yadda gwamnati ke fito da bayanan kuɗi fili, damar da ake ba jama'a su sa baki, da ƙarfin sa idon majalisa da na masu binciken kuɗi. Wanda ya kai 61 shi ake ɗauka ya wadatar. A 2023 matsakaicin makin duniya wajen fito da bayanai 45 ne, na sa bakin jama'a kuwa 15 kacal. Wannan 15 ɗin ya daɗe yana damuna, domin kuɗin na mutane ne, amma su ne na ƙarshe da ake tambaya.

Abin da ya fi amfana mini shi ne jerin takardu takwas da ake auna kowace gwamnati da su. Kafin shekara ta kama, akwai bayanin share fage, da daftarin da ake kai wa majalisa, da kasafin da aka sa wa hannu, da taƙaitaccen kasafi cikin harshe mai sauƙi don talaka. Cikin shekara akwai rahotannin wata-wata ko na wata uku-uku, da bitar tsakiyar shekara. A ƙarshe sai rahoton rufe shekara da rahoton binciken kuɗi. Takardun suna da wa'adi. Kasafin da aka amince da shi ya fito cikin wata uku, rahoton rufe shekara cikin wata 12 bayan ƙarewar shekarar, na binciken kuɗi cikin wata 18. Idan takarda ta wuce lokacinta, ko tana nan a durowar ma'aikata ba a ɗora ta a intanet ba, ana lissafa ta kamar ba a fitar ba. Na yarda da wannan tsaurin ƙwarai. Rahoton da ya fito bayan shekara huɗu, ministan ya sauka, ɗan kwangila ya sha kwana, ihu ne bayan hari.

Na buga jerin a takarda guda, na raba aji gida takwas, kowane rukuni ya nemo takarda ɗaya ta ƙasarmu. Masu neman daftari da kasafin da aka sa wa hannu ba su yi minti goma ba suka dawo suna murna. Rukunin rahoton binciken kuɗi kuwa, wanda ɗalibar nan ke jagoranta, har aka buga ƙararrawa suna kan waya ɗaya, kawuna a haɗe, ana ta buɗe shafi ana rufewa. Da suka samo, tsoho ne na shekarun baya. Ba ta ce komai ba, ta dai rubuta shekarar rahoton a allo kusa da ranar da muke ciki, ta ja layi a tsakani. Ban ƙara bayani a kai ba, don kowa ya gani.

Kwatanta ƙasashe ma ya kashe wata tsohuwar hujja da nake yawan ji, wai sai mai arziki ke iya buɗe littafinsa. Ƙasar Jojiya ce ta zo ta ɗaya wajen fito da bayanai a 2021 da maki 87, ta wuce Amurka da Ingila. Afirka ta Kudu ta daɗe cikin sahun gaba, Benin ma ta haura 61. A fannin sa bakin jama'a Koriya ta Kudu ce ta zo kan gaba a 2023, inda ɗan ƙasa ke iya aika shawarar aikin da yake so a saka a kasafi.

Binciken yana da iyakarsa, kuma ya kamata mai shiga ya san ta. Gwamnatin tsakiya kawai yake aunawa, ba ya sauka zuwa jihohi ko ƙananan hukumomi, alhali can ne makaranta da asibitin da mutum ke gani da idonsa suke. Kuma fitowar takarda yake dubawa da abin da ke cikinta. Ko an gina gadar da aka rubuta, ko an ninka farashinta, wannan aikin mai karanta takardar ne. Tambayoyin binciken suna da yawa, kuma babu su da Hausa, don haka sai na zauna na fassara wa yara muhimman ciki. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne masu bincike masu zaman kansu a kowace ƙasa ke cike amsoshin, wani masani dabam ya sake dubawa, a kuma ba gwamnati damar musantawa, duk a ajiye a fili mutum ya karanta.

Malamin makaranta, ɗan jarida, ko mai shirin rediyo kan al'amuran jama'a, ina ba shi shawara ya fara da shafin ƙasarsa, ya duba waɗanne daga cikin takwas ɗin suka makara. A zangon da za mu shiga na riga na sauya tsarin darasi, da rahoton binciken kuɗi za mu fara, sannan mu koma baya zuwa jawabin kasafi.