Sayen Gidan da Ya Taɓa Nutsewa a Ingila: Wace Inshora Ce Za Ta Fisshe Ka?

Duk mai neman gida a Landan ko kudu maso gabashin Ingila, ko ba jima ko ba daɗe zai ci karo da wanda kuɗinsa ya gaza na maƙwabtansa, ga kyau ga wuri. Idan ya matsa da tambaya sai dillali ya ce, "Ai ya taɓa ɗan nutsewa shekarun baya, amma an gyara." Daga jin wannan magana, ka ajiye zancen farashi a gefe tukuna, ka fara da tambayar wa zai yi wa gidan inshora, kuma da wane sharaɗi. Bankin da zai ba ka kuɗin sayen, na rance mai ruwa ne ko na tsarin Musulunci, ba zai saki ko sisi ba sai ya ga inshorar gini da ta haɗa da nutsewar ƙasa, wato ƙasar da ke ƙarƙashin gida ta sauka ta ja harsashin tare da ita.

Yawancin wannan matsala daga yumɓu take. Wanda ya san yadda ƙasar fadama ke darewa da rani, ta kumbura idan damina ta sauka, ya san halin ƙasar da aka gina Landan a kanta. Tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Victoria harsashinsu ba shi da zurfi, don haka idan yumɓu ya bushe ya tsuke, sai wani ɓangaren gidan ya bi shi ƙasa. Manyan bishiyoyi na kusa da bango suna ƙara tsananta abin, domin saiwoyinsu na zuƙe ɗan ruwan da ya rage. Shi ya sa buƙatun diyya ke yin tsalle bayan kowace bazara mai zafi da fari: 1976, 2003, 2018, sai 2022, shekarar da zafi ya haura maki 40 karo na farko a tarihin Birtaniya. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasar, wato ABI, ta ƙiyasta buƙatu 23,000 a wannan shekarar kaɗai, na kimanin fam miliyan 219. A wuraren da ƙasa ke da yashi kuwa, bututun ruwa ko magudanar da ta fashe a ƙarƙashin gida ce ke wanke ƙasar sannu a hankali.

Sanin musabbabin yana da muhimmanci, don shi ne abin da kowane kamfani zai fara tambayarka. Gidan da magudana ta jawo wa matsala, aka canza bututun, aka yi shekara goma sha biyar bango bai motsa ba, lamarinsa da sauƙi. Gidan da bishiyar maƙwabci ta jawo wa, bishiyar kuma tana nan tsaye tana ƙara girma, wannan ko an shafe tsagar da fenti maganar ba ta mutu ba.

Hanya ta farko, wadda a ganina ta fi kowace cancantar a fara da ita, ita ce kamfanin da ke yi wa mai sayarwa inshora a yanzu, musamman idan shi ne ya biya kuɗin gyaran. Shi ya turo injiniya, shi ya auna tsagar wata da watanni, fayil ɗin gidan yana hannunsa. ABI tana da jagora ga mambobinta cewa kamfanin da ya biya diyyar nutsewa ya ci gaba da riƙe gidan, idan an sayar kuma ya duba yiwuwar ci gaba da sabon mai shi. Jagora ce, ba doka ba, kuma kamfanin zai duba tarihinka kai ma kafin ya amince. Amfaninta babba ne: idan tsagar ta dawo bayan shekara biyu, babu mai ce maka tsohuwar ɓarna ce da ta riga inshorarka, tunda gyaran nasu ne. Illarta kuma ita ce kana hannunsu. Idan suka ɗaga kuɗi a sabuntawa, ba ka da wurin gudu da sauri. Ka sa lauyanka ya karɓo sunan kamfanin da lambar inshorar daga mai sayarwa tun makon farko, ka buga musu waya da kanka, ka ce su rubuto maka amsarsu.

Hanya ta biyu, wato shafukan kwatanta farashi na intanet, ba sai mun daɗe a kanta ba. Da zarar ka amsa cewa gidan ya taɓa nutsewa, jerin kamfanonin zai ragu ya koma 'yan ƙalilan, wani lokacin babu ko ɗaya. Abin lura kawai shi ne yadda aka tsara tambayar. Wani kamfanin yana tambaya ko gidan ya taɓa nutsewa tun da aka gina shi, wani kuma shekara 10 ko 25 da suka wuce kaɗai yake so ya sani. Idan matsalar ta 1990 ce, za ka iya dacewa da farashi na yau da kullum ba tare da ka ɓoye komai ba. Amma kada shaiɗan ya raya maka ka danna "a'a" alhali ka sani. Dokar 2012 kan bayanan da mai sayen inshora ke bayarwa ta ba kamfani damar soke inshorar baki ɗaya, ya hana diyya, idan ƙaryar da gangan aka yi ta. Ranar da gobara ta tashi a kicin, wadda ba ruwanta da harsashi, ranar za ka gane ba ka da komai a hannu.

Hanya ta uku ita ce dillalin inshora da ya ƙware a gidaje masu tarihi irin wannan. Ƙungiyar dillalan inshora, BIBA, tana haɗa mutum da irinsu. A nan mutum ne zai karanta takardunka, ba kwamfuta ba, shi ya sa ingancin takardun ke sauya farashi ƙwarai. Zai nemi rahoton injiniyan da ya gano musabbabi, da bayanin aikin da aka yi, da takardar shaidar ingancin gini da ake bayarwa bayan kammala gyara. Idan an ƙara wa harsashi kankare daga ƙasa, zai nemi shaidar cewa sashen kula da gine-gine ya duba aikin ya amince, da garantin kamfanin da ya yi shi. Sau da yawa zai ce ka kawo sabon rahoton injiniya da ke tabbatar da cewa ginin ya tsaya cik. Kuɗin shekara zai fi na gidan da ba shi da tarihi, amma inda ya kamata ka zuba ido sosai shi ne kason da za ka fara biya daga aljihunka idan an sake nutsewa. A inshorar yau da kullum fam 1,000 ne. A irin wannan gida yana iya zama 2,500 ko 5,000, har sama da haka. Kamfani biyu za su iya ba ka farashi kusan ɗaya, amma bambancin wannan kason ya kai albashin wata biyu.

Akwai ta huɗu da za a yi maka tayinta da murmushi: inshora mai sauƙin kuɗi da ta cire nutsewar ƙasa gaba ɗaya. Araha ba ta ado. Banki ba zai karɓe ta ba, kuma ko da kuɗi hannu ka saya, gyaran harsashi aiki ne na dubban fam masu yawa. Ga kuma wahalar da za ka bar wa kanka ranar sayarwa, lokacin da mai saye zai tarar babu kamfanin da ke riƙe da wannan ɓangaren.

Wurare biyu lissafin yana canzawa. Idan gidan yana yankin da aka taɓa haƙar kwal, kamar Yorkshire, Nottinghamshire, arewa maso gabashin Ingila ko kudancin Wales, dokar 1991 ta ɗora gyaran ɓarnar da tsoffin ramuka suka jawo a kan hukumar kwal, wadda aka sauya wa suna zuwa Mining Remediation Authority a 2024, ko kan kamfanin da ya yi haƙar. Lauyanka zai nemo rahoton haƙar ma'adinai na wurin, kada ka ce a tsallake shi don rage kuɗi. Idan kuma fulat ne a cikin bene, yawanci mai ginin ne ke yi wa dukan benen inshora, kai kana biyan rabonka na kuɗin inshorar. Ka nemi kwafin takardar inshorar ka karanta da idonka.

Ranar da za ka je duba gidan, kada ka tsaya a falo. Zagaya baya. Tsagar da ke tayar da hankali takan tafi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ta fi faɗi a sama, ta wuce milimita 3, kuma ana ganinta ciki da waje. Duba layin bulo ko akwai inda simintin ya fi na kewaye sabunta, kamar an bi matakala ana cikewa. Buɗe ƙofofi ka ji ko suna cijewa. Ƙirga taku nawa ne tsakanin bango da bishiya mafi kusa, ka tambaya ta wa ce. Kada ka ɗauka sare ta zai kashe magana: ƙaramar hukuma na iya sa mata kariya, kuma cire tsohuwar bishiya a kan yumɓu yana iya sa ƙasa ta sha ruwa ta kumbura ta ɗaga ginin sama. Bayan naka idon, ka biya safiyo mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu duba gine-gine, ya yi bincike mataki na 3, wanda ya fi kowane zurfi, ka sa a zura kyamara cikin magudanan. Binciken da banki ke yi na ƙimar kuɗi ne kawai, don kansa yake yi.

Fom ɗin bayanan gida mai suna TA6 da mai sayarwa ke cikewa yana tambayarsa ko an taɓa hana shi inshora, ko an ɗora masa kaso mai yawa, ko ya taɓa neman diyya. Ka karanta amsoshin ka gwada su da abin da kamfanin ya faɗa maka. Idan ya ce an gyara amma takardu sun ɓata, kamfanin da ya biya ma bai tuna sunansa ba, ni dai ba zan ba ɗan'uwana shawarar ya ci gaba ba, sai in sabon injiniya ya duba kuma an rage kuɗi sosai.

A Ingila da Wales, bisa sharuɗɗan ciniki da aka saba, alhakin gidan yana komawa kanka ne daga ranar musayar takardun yarjejeniya, tun kafin a miƙa maka makulli. Saboda haka tayin inshorar, a rubuce, mai ɗauke da nutsewar ƙasa da adadin kasonka, ya kasance a hannun lauyanka kafin wannan ranar, kuma banki ya ce ya gamsu da shi. Bambancin kuɗin inshorar na shekara biyar ko goma, da ƙarin kason, ka haɗa su ka kai wa mai sayarwa a matsayin hujjar neman ragi. Takardun gyaran kuma ka karɓi na asali ka adana su tare da takardun gidan, domin wanda zai saya daga hannunka su zai fara nema.