AeroChamber: ta cancanci kuɗinta ga yaro mai asma

Da hunturu ya shigo Kano, ƙura ta tashi, yara masu asma ne ke fara jin jiki. Iyaye sun saba da shuɗiyar inhela, Ventolin, mai fesawa 200, kowace fesawa mikrogiram 100 na salbutamol, maganin da ke buɗe hanyar numfashi. Sai dai yaro ba ya iya danna ta ya ja numfashi a lokaci guda, maganin ya maƙale a harshe da maƙogwaro, huhu bai samu ba.

Nan AeroChamber ke da amfani. Bututun roba ne mai bawul: a soka inhela ta baya, abin rufe hanci da baki yana gaba. Mai ruwan lemo ta jarirai ce, rawaya ta ɗan shekara 1 zuwa 5, shuɗiya ta manya.

A girgiza inhela, a manna abin rufewar sosai a fuska, a fesa sau ɗaya tak, yaro ya numfasa sau 5 ko 6. Sai a sake girgizawa kafin fesawa ta biyu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne fesa biyu ko uku a jere, maganin ya lafe a jikin roba. Na biyu, yaro yana kuka ana danna masa. Mai kuka ba ya jan magani zuwa ƙasan huhu, gara a lallashe shi tukuna. Wanki sau ɗaya a mako da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni, a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge da tsumma.

Aibinta tsada, kuma ba kowane kemis ke ajiye ta ba. Bayan shekara guda ana son a canza ta. Wanda bai da hali, gorar ruwa ta mililita 500 da aka huda gindinta daidai bakin inhela tana aiki, an gwada hakan a Afirka ta Kudu.

Amma AeroChamber da shuɗiyar inhela ba sa maye gurbin maganin rigakafin tashin asma. Tun 2019 ƙa'idojin GINA, ƙungiyar duniya mai ba da shawara kan asma, suka daina amincewa manya da matasa su dogara da salbutamol kaɗai. Duk wanda ke ƙarar da gwangwani 3 na shuɗiyar inhela a shekara ya ga likita, ko a Asibitin Malam Aminu Kano, yara kuma Hasiya Bayero, a rubuta masa inhelar rigakafi irin beclometasone, ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙa.