Shagon intanet na Yelwa da wata huɗun da muka yi muna jiran kira

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, a arewacin Kamaru, kuma Faransancina bai wuce na ciniki ba. Da 'yata ta biyu, wadda ke ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, ta ce tana son neman tallafin karatun likita na gwamnatin Turkiyya, ban san ta ina zan kama ba. Maƙwabciyata ce ta yi mana kwatancen wani shagon intanet a unguwar Yelwa, irin wanda yara ke kira sibar. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai abin da zan ce wanda ba yabo ba ne. Ɗaki ne guda mai kwamfuta shida, da injin fotokopi a bakin ƙofa, da benci ƙarƙashin darbejiya.

A watan Janairu muka fara zuwa. Shirin, wanda suke kira Türkiye Bursları, yana buɗe ƙofa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai shagon, matashi ne da bai kai ɗana na fari ba, bai karɓi ko dala ba sai da ya baje takardun yarinyar a kan tebur ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗago ya ce, "Hajiya, sauran fannoni kashi 70 cikin 100 suke nema, amma likitanci 90 ne. A lissafinmu na nan, 18 bisa 20 ke nan. Makinta yana bakin layi. A cika, amma kada ku jingina da wannan kaɗai." Raina ya ɗan sosu a lokacin, don uwa ba ta son a auna mata ɗa a gabanta. Da na kwana na tashi na gane cewa wanda ke son kuɗina kawai ba haka zai fara ba.

Shi ne ya gaya mana neman kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma mai neman digirin farko dole shekarunsa su gaza 21. Shi ya ɗauki hoton takardar haihuwa da sakamakon probatoire, wato jarrabawar ajin kusa da na ƙarshe, da na aji, ya rage nauyinsu har shafin ya karɓa. Wasiƙar da ake rubutawa a kan dalilin son likitanci kuwa, ya ƙi rubuta mata. Ya ce ranar intabiyu ita za a tambaya, ba shi ba. Kwana uku tana rubutu tana gogewa, a kan kakarta da ta rasu a hanya muna neman asibiti da damina.

Cika takarda kowane shago zai iya. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne abin da ya biyo baya.

Daga ranar da aka rufe, sai shiru. Maris ya shigo da zafinsa, zafin Garwa da ke haura 40, wanda ko ƙarfen gado ba ya taɓuwa da rana. Jarrabawar bak, wato ta gama sakandare, na matsowa, amma yarinyar nan ba littafi a hannunta, sai wayata. Ta duba imel da asuba, ta duba bayan azahar, cikin dare in farka in ga hasken waya a fuskarta. An saka ta a wani zauren WhatsApp na masu nema, kullum wani ya ce an fara kiran 'yan ƙasa kaza, wani ya ce duk wanda bai ji komai ba zuwa Juma'a an yar da shi. Ta rame, tuwo sai ta tsakura ta ture. Har wani ya biyo ta ta gefe da saƙo, wai yana da hanya a ciki, a tura masa jaka 50 ya sa sunanta a sahun farko. Wallahi na ɗaure kuɗin a bakin zane.

Allah ya sa na fara biyawa ta shagon. Ya karanta saƙon ya miƙo mini wayar. "Hajiya, ki mai da kuɗinki kasuwa. Babu mai sayar da wannan kira. Wata uku suke yi suna tantancewa, intabiyu sai wajen Yuni da Yuli, sakamako a Agusta. Shirun nan ba ƙi ba ne, lokaci ne bai yi ba." Sai ya juya ga yarinyar ya ce, "Ƙanwata, ki fita daga zauren nan yau. Ni zan riƙa duba miki safe da yamma, har akwatin da saƙonni ke ɓacewa a ciki. Ke ki je ki ci bak, don in babu shi, ko an kira ki aikin banza ne." Jaka ɗaya ya ce zai riƙa karɓa a wata, ladan dubawar. Kowace yamma bayan la'asar saƙo yake shigowa wayata: ba komai yau, Hajiya. Kalma huɗu, amma da su muke barci. Ranar da aka ɗauke wuta tun safe ma bai fasa ba, da wayarsa ya duba.

A cikin jiran nan ne ya zaunar da mu a kan hanyar gida. Tun 2013 jarrabawa ɗaya ce ta ƙasa baki ɗaya ake shiga karatun likita da ita a Kamaru, konkur ɗin da kowa ke tsoro, kuma karatun shekara 7 ne. A da sai Yawunde, inda aka buɗe makarantar likita ta farko a 1969. Yanzu ga tsangayar likitanci a nan Garwa, ƙarƙashin jami'ar da aka kafa a 2022. A Turkiyya shekara 6 ne, amma da shekara guda ta koyon harshe a gaba, ka ga duk bakwai ke nan. Ni a zuciyata Garwa nake so, in riƙa aika mata abinci da ɗan moto. Ban taɓa gaya mata ba.

To ga inda ban ji daɗi ba. Kalmomin sirri na yaran duka a littafi ɗaya yake rubuta su, littafin kuma a kan tebur yake kwana, yaron shago na buɗawa, mai jiran fotokopi na leƙawa. Da idona na ga sunan 'yar wata da na sani. Wanda ya shiga asusun yaro zai iya ɓata masa wahalar shekara. Na yi masa magana sau biyu kafin ya sa shi a aljihun tebur mai makulli. Sannan in aka tada janareta kuɗin komai ninkawa yake, shafin sefa 100 ya koma 200, kuma ba a rubuce yake ko'ina ba, sai an gama aiki ka ji. Wurin zaman mata ma babu. 'Yata a tsaye take yi tsakanin samari, shi ya sa ban taɓa barinta ta je ita kaɗai ba.

Kiran ya zo a watan Yuni, bayan ta gama rubuta bak. Ina auna wa wata mata yadi sai ga yaron shagon a kan keke, yana haki, da takarda a leda. Ban iya karantawa ba, amma na ga sunanta da kwanan wata da Yawunde. Na zauna a kan dilar atamfa, ƙafafuna sun ƙi ɗaukata. Da yamma mai shagon ya jera mata ainihin takardun da za ta riƙe, ya ce ta sake bitar lissafi, ya yi mata tambayoyi kamar shi ne kwamitin, har ta daina sunkuyar da kai in tana amsawa. Kawunta ya raka ta, mota zuwa Ngaundere, daga can jirgin ƙasa na dare.

Ta dawo, yanzu Agusta muke jira. Ran Litinin za mu koma shagon a fara haɗa takardun konkur, kuma na riga na gaya masa wannan karon kalmar sirrin a wurina za ta zauna, in ana bukata a kira ni.