Fokar bidiyo a waya: wadda zan ce ka ɗora, da wadda ta ƙona ni

A majalisarmu ta bayan Isha'i a Ƙofar Ƙaura, Whot muka saba bugawa, har wani abokinmu malamin lissafi ya shigo mana da fokar bidiyo a wayarsa. Tun da fari in faɗa: ta maki nake nufi, wadda ba a sa ko sisi. Ta kuɗi caca ce, kuma ɗan Katsina ba sai an gaya masa hukuncin caca ba.

Wasan ya fito ne daga Amurka wajen ƙarshen shekarun 1970. Na'ura ta raba maka kati 5 daga cikin 52, ka riƙe waɗanda kake so, ta canja maka sauran sau ɗaya tak. Hanyoyin riƙewa da zubarwa 32 ne a kowane hannu, ɗaya ce ta fi, kuma nemo ta shi ne daɗin abin.

Ni dai Jacks or Better nake yi, ita zan ce ka ɗora. Mafi ƙarancin abin da take biya shi ne kati biyu masu lamba ɗaya daga J zuwa sama, wato J, Q, K ko A. Amma kafin ka sauke, duba teburin maki. In uku-da-biyu, wato kati uku masu lamba ɗaya da wasu biyu masu lamba ɗaya, na ba da 9, kati biyar masu alama ɗaya na ba da 6, to ka samu ta ainihi, wadda ke mayar da kashi 99.54 cikin 100 na makin da aka zuba ga wanda bai taɓa kuskure ba. Mai 8 da 5 tana sauka zuwa kusan 97.3. Ka lura ko gwanin gwanaye bai kai 100 ba, shi ya sa masu gidan caca ba sa talauci.

Abin da ya sa na fi son ta, tana karya wa mutum girman kai. Ran nan aka raba wa Malam 6 guda biyu da K. Hannunsa ya nufi K, wai sarki ba a zubar da shi. Manhajar ta nuna masa ja: ƙananan biyun nan sun fi babban kati tilo daraja. Riƙe K ɗin tare da su ma asara ce, don ya cinye gurbin katin da zai iya zama 6 na uku. In kana da ƙananan biyu kuma kana da huɗu masu alama ɗaya, huɗun za ka bi, tunda kati 9 cikin 47 da suka rage za su cika maka. Amma in biyun manya ne, kamar Q da Q, ka zauna da abinka. Wanda ya fi tayar da gardama shi ne ka sami biyar masu alama ɗaya a hannu, huɗu daga cikinsu 10, J, Q da K. Zuciya ta ce riƙe makinka 6, lissafi ya ce fasa, domin in A mai alamarsu ya fito ka cika jerin sarauta, wanda 800 yake biya. Kati 1 ne cikin 47, kuma 1 cikin 47 na 800 ya haura 17. Mun kusa raba dare a kan wannan, har mai shayi ya kwashe kayansa.

Deuces Wild, inda lamba 2 ke zama kowane kati, hayaniya ce kawai a wurina. Double Bonus kuwa ta rage ladan biyu-biyu, wato kamar 6 biyu da Q biyu a hannu ɗaya, don ta yi maka romon baka da manyan hannuwa, ban daɗe da ita ba.

Duk wadda za ka ɗauka, ka tabbata tana da mai gyara, wato tana gaya maka in ka yi kuskure da kuma yawan makin da ka zubar. Ta yi aiki ba data. Kuma kada ta nemi komai a wayarka.

Wannan na ƙarshen ne ya ci ni. Wani ya turo mahaɗi a zauren WhatsApp, na ɗora ba tare da na bi ta Play Store ba. Kwana uku kacal na ga jerin sarauta sau biyu, abin da ke zuwa kamar sau ɗaya a hannu 40,000. Maimakon in farga, sai na ɗauka baiwa ce. Rana ta huɗu ta ce makina za su koma naira in na biya kuɗin buɗe asusu. Na tura dubu biyar, Allah ya yafe mini. Sai ta nemi BVN. A nan jikina ya yi sanyi, na tuna na riga na ba ta izinin karanta saƙonnina, inda lambobin sirrin banki ke shigowa. Washegari a layin banki na yini ina canja komai.

Saboda haka in manhajar karta ta nemi ganin saƙonninka ko lambobin mutanenka, goge ta. In tana yawan ba ka manyan hannuwa a makon farko, ƙugiya ce. Haka masu tallar wai sirrin na'ura a Facebook, su ce sun san katin da zai fito. Manhajar gaskiya tana sake cakuɗa katin 52 a kowane hannu, babu abin da za a haddace. Jiya ma wani yaro ya zo majalisa da takardar irin wannan sirrin, ya saye ta dubu biyu. Malam ya duba, ya ce masa layi na uku ma kuskure ne.