Haƙarƙarin Gashi: Na Sa, Na Rago ko Na Akuya, Kuma da Wane Yaji?

Kafin ka tsaya gaban teburin mahauci, fara sanin awa nawa za ka iya zama bakin wuta, domin lokacin da kake da shi ne zai zaɓa maka haƙarƙarin da za ka saya.

Na sa ya fi nama, ya kuma fi cin lokaci. Tsokar da ke jikin ƙashinsa cike take da jijiya, jijiya kuwa ba ta narkewa sai ta daɗe a wutar da ba ta da ƙarfi. Mutanen Texas a Amurka, da suka yi suna wajen gasa haƙarƙarin sa, sukan bar shi awa 6 zuwa 8 cikin hayaƙi, a zafin digiri 120 zuwa 135 na ma'aunin Salshiyas, har sai cikin naman ya kai wajen 95. Shanunmu na kiwo sun sha tafiya, ba su kai nasu kitse ba, saboda haka kada ka sa ran namansu zai fi saurin laushi. In shi za ka saya, ka ce a yanko maka daga ƙasa, wajen ƙirji, inda nama ya kwanta da kauri. Na sama, kusa da gadon baya, galibi an riga an zare tsokarsa an sayar daban, kusan ƙashi za ka biya wa kuɗi. Ka kuma hana mahauci daddatsa shi kamar naman miya. Ƙananan yanka bushewa suke yi kafin su nuna, ga ɓarɓashin ƙashi a baki.

Na rago shi nake ba wanda bai taɓa gwadawa ba shawara ya fara da shi. Awa 2 zuwa 3 sun ishe shi, kuma kitsensa na kare shi ko da wuta ta ɗan yi yawa. Aibinsa ma kitsen ne: in ya ɗiga kan garwashi sai wuta ta tashi ta baƙanta naman, don haka ka nemi wanda jan nama ya rinjayi fari. Na akuya ba shi da maiƙo sosai, sai an shafa masa man gyaɗa an naɗe shi a takardar alminiyom, in ba haka ba ya ƙandare. Ko wanne ka zaɓa, ka je da safe, ka sunsuna, ka sa a ɓare maka tantanin da ke manne a jikin ƙashin ta ciki, don yana hana yaji shiga.

Sai maganar yaji. Na ƙulli a leda ya fi araha, amma ba ka san yawan gishiri da dunƙulen da aka zuba ba, ba ka kuma san tun yaushe ƙuli-ƙulinsa yake ajiye ba. Tsohon ƙuli yana ɗaci, kuma gyaɗar da ta yi hunhuna tana iya ɗauke da gubar da wutar gashi ba ta kashewa. Na wajen mai tsiren da ka saba da shi ya fi wannan, tunda kayansa ba sa kwantai. Sai dai an haɗa shi ne don siririn nama mai gasuwa cikin 'yan mintuna. In ka shafa wa haƙarƙari shi tun farko, ƙulin zai ƙone tun naman bai yi rabi ba.

Abin da ya sa haɗin gida ya fi ke nan: kana iya raba shi biyu. Kashi na farko babu ƙuli a ciki. Gishiri giram 10 ga kowane kilo na nama, masoro, busasshiyar citta, garin tafarnuwa, barkono daidai bakin mutanen gidanka, kanumfari 'yan ƙwayoyi, kimba guda ɗaya. Kimba da kanumfari mugun ƙarfi gare su, in suka yi yawa sai naman ya koma ɗanɗanon magani. Ka sayo su ba a daka ba, a daka a gida a tankaɗe, ƙamshin ba ɗaya ba ne da garin da ya sha rana a faranti. A murza wa naman, ya kwana a firij. Kashi na biyu shi ne wannan haɗin da aka ƙara masa sabon ƙuli, ana barbaɗawa saura minti 10 zuwa 15 a sauke.

Haɗin Amurkawa na cikin kwalba da ake gani a manyan kantuna yawanci da sukari a ciki. A oban yana ba nama kyakkyawan launi, a kan garwashi kai tsaye kuwa ƙonewa yake yi, ga tsada.

In gawayi za ka saya, ɗauki manya masu nauyi, sun fi daɗewa suna ci. Tara garwashin gefe guda, naman a ɗaya gefen, ka kifa masa murfi. Mai oban ya naɗe naman ya gasa a digiri 150, sannan ya buɗe shi ya ƙarasa a kan garwashi don ya sami ƙamshin hayaƙi. Idan nama ya janye daga bakin ƙashi, tsinke kuma ya shige ba tare da ka danna ba, ya yi.