Hannun wasa mai allo da marar allo: wanne ya fi amfani?

Ɗan'uwanmu na Marwa a Kamaru, mai shagon gem inda aka fi buga wasan ƙwallo, ya tambaya ko hannun wasa (abin da ake riƙewa a sarrafa wasan) mai ɗauke da allo yana ƙara daɗin wasa da ƙwarewa, har ya cancanci a zuba masa sefa. Ɗan'uwa, amsar tana rataye ne a kan inda idon ɗan wasa yake a lokacin da wasa ya yi zafi.

An daɗe ana gwada wannan dabara. A 1998 kamfanin Sega ya fitar da na'urar wasa ta Dreamcast, wadda ake cusa wa hannunta ƙaramin katin ajiya mai allo. Amfaninsa mafi girma shi ne sirri, domin a wasan ƙwallon Amurka mutum yana iya zaɓar dabararsa a hannu, abokin karawarsa da ke zaune kusa da shi bai gani ba. Da hannu marar allo kuwa, jerin dabarun a talabijin yake bayyana, inda kowa ke gani. Nintendo kuma ya faɗaɗa abin a 2012 da Wii U, mai allon taɓawa na inci 6.2, inda taswira da jakar kayan ɗan wasa suka koma hannu, sannan idan mutanen gida suna son kallon labarai, wasanni da yawa suna ci gaba a hannun kaɗai.

Sai dai ido ba ya kallon wuri biyu. Talabijin yana nesa da kai kamar mita 2, hannu kuwa yana kan cinya, don haka kowane leƙe sai ka sunkuyar da kai, ido ya sake daidaita gani, sannan ka ɗago. A wasan yawo da bincike, inda ake tsayawa a yi tunani, wannan ba komai ba ne. A ƙwallon ƙafa, tseren mota da dambe kuwa, wanda ya sunkuya ya sha kashi. Nintendo DS na 2004, wato ƙaramin gem da ake riƙewa a hannu, bai da wannan matsala, kuma ya karɓu har aka sayar da fiye da miliyan 150: allunansa biyu suna manne da juna, ido kaɗai ke motsawa. Wii U bai kai miliyan 14 ba, aka daina ƙera shi a 2017, ko da yake ƙarancin wasanni ma ya taimaka wajen durƙushewarsa.

Ta fuskar shago, tazarar ta fi fitowa fili. Hannun Wii U ya kusan rabin kilo, ya ninka na PlayStation 4 nauyi, batirinsa kuma awa 3 zuwa 5 yake yi, abin dubawa ne a garin da wuta ke zuwa tana tafiya. Na'ura ɗaya hannu mai allo ɗaya take ɗauka, ke nan yara biyu da suka biya kuɗi daidai ba za su riƙe abu iri ɗaya ba, kuma kowa ya san rigimar da hakan ke haifarwa. Ga ƙurar hunturu, ga faɗuwa ƙasa. Allo idan ya tsage, samun madadinsa a Marwa ko Garwa aiki ne, alhali hannu na gama-gari masu gyara sun saba da shi.

Akwai kuma sababbin hannaye masu ɗan mitsitsin allo da ke nuna cajin batiri da saitin maɓallai. Waɗannan ba sa taɓa wasan kansa, sauƙin saiti kawai suke kawowa. Tunda ƙwallo ce kasuwarka, ɗan'uwa, kuɗin ya fi kyau ya tafi ga hannaye biyu masu ƙarko da kuma batirin ajiye wuta.