PlatformIO da harkar #ifdef, bayan wata uku ina amfani da shi

Ni dai gaskiya abu ɗaya ne ya kai ni PlatformIO, manhajar rubuta kod da loda shi a kan ƙananan bod na lantarki, wato wahalar #define, layin da ake ayyana suna da shi a cikin kod don kunna ko kashe wani ɓangare. Ina da wani ɗan aiki na auna cajin batirin sola, kod ɗin ɗaya ne amma a kan bod biyu nake lodawa, Uno da ESP32, to da can kullum sai na hau saman fayil na rufe wannan layi na buɗe wancan da hannu, ranar da na manta kuwa lambobin da za su fito sai ka rantse batirin ne ya haukace, don shi Uno daga 0 zuwa 1023 yake karantawa, ESP32 kuma har 4095.

Yanzu komai na cikin fayil ɗaya, platformio.ini. Kowane bod da sashensa, [env:uno] daban [env:esp32dev] daban, a ƙarƙashi ka rubuta build_flags = -D DEBUG shikenan, kamar ka sa #define DEBUG, sunan da ke kunna layukan neman kuskure, ne a duk fayilolinka ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba. A cikin kod kuma #if defined(ESP32) sai #else sai #endif, ɓangaren da bai shafi bod ɗin ba ana yanke shi tun kafin kompaila, mai juya kod zuwa abin da bod zai gane, ya gani, ko baiti ɗaya ba zai ci ba. Wanda ya san Uno ya san darajar wannan, RAM 2 KB ne kacal, filashi 32 KB, ƴan Serial.print ɗin nan, layukan turo saƙo zuwa kwamfuta, da muke zubawa ko'ina su ne ke cinye wurin. Abin da ya fi burge ni ma, a VS Code, manhajar da nake rubuta kod ɗin a ciki, layukan da aka kashe suna dishewa, da ido kana ganin me zai shiga me ba zai shiga ba.

Wani shirme da na tafka, kuma laifina ne wallahi, na sa -D DEBUG=0 wai na kashe, ashe shi #ifdef ba ruwansa da sifili ko ɗaya, tambayarsa kawai akwai sunan ko babu. Yini guda na ɓata kafin na maida shi #if DEBUG, wanda shi yake duba sifili ne ko ɗaya.

Sai dai a kula, mai nemo laburare na PlatformIO, wato kod ɗin da ake jawowa da #include, a yadda ya zo baya duba sharaɗin #ifdef, duk #include da ya gani zai bi, sai ka ƙara lib_ldf_mode = chain+ a platformio.ini sannan ya nutsu. Ranar farko kuma ka tanadi data da caji, kowane irin bod sai ya sauke nasa kayan aikin, na ESP32 ɗin kam ba ƙarami ba ne. Kuma da ka canza build_flags zai sake gina komai daga farko, a tsohuwar laftof irin tawa har shayi nake haɗawa kafin ya gama.

PlatformIO kyauta ne dai. In bod ɗaya kake aiki da shi zauna a Arduino IDE, manhajar asali ta Arduino, abinka, ni kam gobe ESP8266 zan ƙara na uku.